Attajirin Da Ya Bar Gadon Littattafai

Manomanmu na Ikara da Maƙarfi da Kudan sun san yadda dawa ta ƙara daraja tun 1988, shekarar da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje. Dole kamfanonin giya da na lemon malt suka koma sayen dawar Arewa, cikinsu har da Guinness, wanda ya kafa masana'antarsa a Ikeja a 1962. Ba tallar giya muka zo yi ba. Labarin mutumin da ya hau shugabancin kamfanin a wannan shekara ta 1962 muke so mu ba ku.

Sunansa Benjamin Guinness, an haife shi a 1937. Kakan kakanninsa Arthur Guinness ne ya kafa kamfanin a Dublin, babban birnin ƙasar Ailan, a 1759. Benjamin bai cika shekara 8 ba aka kashe mahaifinsa a Yaƙin Duniya na Biyu, a 1945. Yana ɗan shekara 25 aka ɗora masa kamfanin, a 1967 kuma ya gaji kakansa a sarautar Earl na Iveagh. Ya zauna a majalisar dattawan Ailan daga 1973 zuwa 1977.

Amma kujerar ba ta zauna a gidansu ba. A 1986 ya sauka ya bar wa Ernest Saunders, wanda aka ɗaure a 1990 saboda maguɗin hannun jari. Tun daga nan babu wani ɗan gidan Guinness da ya sake shugabancin kamfanin. Benjamin ya rasu a 1992 yana da shekara 55, gwamnati kuma ta sayi gidansa na Farmleigh a 1999.

To, me ya rage? Littattafai. Tsawon rayuwarsa yana bin tsofaffin littattafan ƙasarsa da rubuce-rubucen hannu yana saye, har suka kai dubbai. A ciki akwai wani ɗan ƙaramin littafi da aka rubuta wa Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya don ta koyi harshen mutanen Ailan. Iyalinsa ba su kai su kasuwa ba. Sun ba da su kyauta ga ɗakin karatu na Marsh a Dublin, aka kuma bar su a Farmleigh domin masu bincike.

Mu ma an yi mana irinsa. Alhaji Umaru Falke, ɗan kasuwa kuma malami a Kano, wanda ya rasu a 1962, ya tara dubban takardun Larabci da ajami. Sai dai bayan rasuwarsa an kwashe su zuwa Jami'ar Northwestern a Amurka.

Saboda haka, 'yan'uwa, mu buɗe akwatunan iyayenmu. Wani yana da Littafi Mai Tsarki bugun 1932, wani tsohuwar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wani wasiƙun kakansa ko rajistar aure da haihuwa. Gara na ci, damina na jiƙawa, mai ƙosai na naɗe kaya da sauran. Mu kakkaɓe su, mu sa a akwatin ƙarfe nesa da ƙasa, mu rubuta sunan mai su da shekara. Waɗanda suka fi ƙarfinmu mu nemi shawarar Arewa House ko Ma'adanar Takardu ta Ƙasa a Kaduna. Takardar da gara ta ci, babu kasuwar da za a sayo ta.