Kafson Kayan Lambu Ba Ya Maye Gurbin Maganin Hawan Jini

Duk mai zirga-zirga tsakanin Kakuri, Barnawa, Narayi da Sabon Tasha ya san su. Samari da 'yan mata ne tsaf-tsaf, da 'yar jaka a hannu da bakin magana kamar zuma. Suna bin ofisoshi da shagunan ɗinki, suna tare mutane bayan an tashi daga coci ko an sallame salla, suna cika zaurukan WhatsApp na unguwa da hotunan kwalabe. Hajarsu kafso ce, ko gari a 'yar leda, ko ruwa a kwalba, kuma duk labarin ɗaya ne: wai an tattaro 'ya'yan itatuwa da ganyaye iri ashirin ko talatin an matse su wuri guda. Daga nan sai jerin cututtuka ya biyo baya: hawan jini, ciwon suga, gyambon ciki, ƙaba, rashin haihuwa, ciwon ƙoda, har da ciwon daji. Kwalba ɗaya, cuta goma.

Wanda kuɗi suka yi wa yawa ya saya ya haɗiya, wannan tsakaninsa da aljihunsa ne. Abin da ya hana ni yin shiru shi ne wata muguwar ɗabi'a da ta biyo wannan kasuwa: mutum ya ture maganin da likita ya ɗora shi a kai, ya rungumi kafson ganye.

Akwai wani dattijo a unguwarmu, ɗaya daga cikin dubban ma'aikatan da suka rasa aiki lokacin da masaƙun Kakuri suka durƙushe. Ya daɗe da hawan jini, kuma ya daɗe yana shan 'yar ƙwayarsa kowace safiya, lafiyarsa ƙalau, yana tafiya kasuwa da ƙafarsa. Sai wata ƙawar 'yarsa ta gayyace shi taron da suke kira semina, a wani ɗakin taro da ke Barnawa, wai za a yi gwajin lafiya kyauta. Da ya je aka miƙa masa wani ɗan ƙarfe ya riƙe a tafin hannu, wayarsa na haɗe da kwamfuta. Ba a ɗebi jininsa ba, ba a karɓi fitsarinsa ba, ko awon jini na hannu ba a ɗaura masa ba. Cikin 'yan mintoci sai ga shafuka sun fito da jan rubutu: hanta ta gaji, ƙoda ta toshe, jini ya yi datti.

Yarinyar ta rusuna ta ce, “Baba, ai maganin asibitin nan ne ke cinye maka ƙoda, duk kemikal ne. Wannan kuwa abinci ne zalla, ba shi da illa. Wata uku kacal za ka yi, ka rabu da shan ƙwaya har abada.”

Wa zai ƙi jin haka? Mutumin da aka ce masa zai sha magani har ƙarshen ransa, ga wata ta ce wata uku. Ya tattara ɗan abin da 'ya'yansa ke aiko masa, ya haɗa da kuɗin adashi, ya sayi kwalabe. Kwalin maganinsa kuwa ya koma bayan rediyo yana shan ƙura. Makonnin farko bai ji komai ba, har aka ɗauki bidiyonsa yana ba da shaida cewa ya warke. Da ciwon kai ya fara sara masa ta ƙeya, aka kira yarinyar a waya, sai ta ce, “Kada ku damu, Mama, ciwon ne ke fita, a ƙara masa biyu da dare.” Wata asuba aka tarar da shi bakinsa ya karkace, hannun dama ya saki, magana ba ta fita. Yau yana raye, amma sai an tashe shi an zaunar. Da iyalin suka nemi ba'asi, amsar da suka samu gajeriya ce: babu wanda ya rubuta masa ya daina maganinsa. Aka kuma nuna musu wani ɗan mitsitsin rubutu da Turanci a gindin kwalbar, mai cewa wannan kaya ba a yi shi don gano cuta, ko magance ta, ko hana ta ba.

To jama'a, ina hankalinmu ya tafi? Kamfanin da kansa ya rubuta a jikin kwalba cewa abin ba ya magani, mai talla ta ce yana yi, mu kuma sai muka zaɓi bakin mai talla. A gidan dattijon nan akwai masu digiri, akwai mai aikin gwamnati, amma babu wanda ya juya kwalbar ya karanta, babu wanda ya ce a tsaya a tambayi likita ko ma'aikacin jinya. Mutum zai yi rabin awa yana jujjuya atamfa a Kasuwar Monday kafin ya biya, amma abin da zai zuba wa mahaifinsa a ciki sai ya karɓa ido rufe don kawai an ce daga ƙasar waje ya zo.

Hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo, shi ya sa wannan yaudara take ci. Mai shi zai iya yawo da jini a sama ƙwarai bai ji ko ɗar ba. Saboda haka duk wanda ya ajiye ƙwayarsa ya ce “ai na ji sauƙi”, bai faɗi komai ba, domin dama can ba ya jin ciwo. Ƙwayar ba ta cire cutar, danne ta take yi, ranar da aka bar ta jinin ya sake hawa. Haka ciwon suga yake: yana cin ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa a ɓoye. Ƙodar da ake tsoratar da mutane cewa maganin asibiti zai lalata, hawan jini da sugan da aka bari ba kulawa su ne kan gaba wajen kashe ta. Wancan ɗan ƙarfen da ake riƙewa a hannu kuwa, babu hanta ko ƙodar da yake gani. Aikinsa ya tsorata ka, sannan a buɗe jaka.

Bari mu yi lissafi, tunda lissafi ba ya son kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na 'ya'yan itatuwa da kayan lambu kowace rana. Mafi yawan nauyin waɗannan abubuwa ruwa ne, don haka idan aka busar da giram 400 abin da zai saura bai wuce giram 40 zuwa 60 ba. Kafso ɗaya kuwa bai cika ɗaukar giram ɗaya ba. Ke nan kafin ka kamo abin da aka ce ka ci a rana, sai ka haɗiye kafso sama da arba'in. Su kuma biyu ko huɗu suke cewa a sha. Yanzu raba wannan ɗan garin gida talatin, ka ga nawa ne rabon tuffa, nawa ne rabon inabi. Hoton lambu ne a jikin kwalba, abin da ake sha a rana kuwa bai cika cokalin shayi ba. Kallon kitse ake yi wa rogo.

Sannan ba a matse amfanin ɗanyen abu a zuba a kafso yadda ake zato. Harzar da ke cikin ganye da 'ya'yan itace, wadda ke gyara bayan gida, ta rage saurin hawan suga, ta cika ciki har mutum ya rage tuwo, tana bukatar yawa, ba ta shiga ɗan kafso. Masana ma sun taɓa gwada wannan dabara. An lura cewa masu yawan cin kayan lambu ba su cika kamuwa da wasu cututtuka ba, sai aka ware sinadarin beta-karotin, wanda ke ba karas launinsa, aka mai da shi ƙwaya. A ƙasar Finland an gwada a kan maza masu shan taba kimanin 29,000. Da sakamako ya fito a 1994, sai aka ga ciwon dajin huhu ya ƙaru da kusan kashi 18 cikin 100 a tsakanin masu shan ƙwayar. Wani gwajin a Amurka dole aka dakatar da shi a 1996 saboda irin wannan sakamako. Karas bai cuci kowa ba, ƙwayar da aka ciro daga sinadarinsa ce ta yi ɓarna. Wannan kaɗai ya isa ya rushe zancen “tunda daga ganye ne ba shi da illa”. Haka ma sabon yayin nan na garin da ake cewa yana ɗauke da ƙwayoyin halittar tuffa da inabi masu sabunta jiki: ƙwayar halittar tsiro ba ta zama ta mutum, ciki narkar da ita yake yi kamar kowane abinci.

Can ƙasashen da ake yi mana alfahari da su ma hukumomi ba su bar masu wannan sana'a sun sake ba. A 2019 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Italiya ta ci kamfanin Juice Plus, mai sayar da kafson 'ya'yan itatuwa da ganyaye, tarar Yuro miliyan ɗaya, saboda yadda masu tallarsa ke shiga zaurukan Facebook suna ba da shaida kamar su masu saye ne kawai. A watan Nuwamba na 2023 wata kotun tarayya a jihar Utah ta Amurka ta dakatar da masu yin kafson Balance of Nature daga sarrafawa da sayarwa har sai sun bi doka, bayan hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta zarge su da tallar kayan a matsayin maganin cututtuka irin su daji, ciwon zuciya da suga. Don haka idan ka ga bidiyon wata tana hawaye tana cewa ta warke, tambayi kanka ko tana da kamasho a kan kowace kwalba. A tsarin netwok, mai sayar maka yau jiya shi ma saye ya yi, kuma ba zai fid da kuɗinsa ba sai ya jawo wani. Shi ya sa galibi ɗan uwa ne, ko 'yar zumunta, ko abokin sahu a masallaci, wanda za ka ji nauyin ce masa a'a. Da yawansu ba mugaye ba ne, rashin aiki ne ya tura su, kuma abin da aka haddace musu suke maimaitawa. Amma kyakkyawar niyya ba ta sauke hawan jini.

Babban makaminsu shi ne, “Ai yana da lambar NAFDAC.” To, a fahimta. Hukumar, wadda aka kafa a 1993, ta sha bayyana cewa lambar da take ba magungunan ganye mai ƙarewa da harafin L tana nufin an duba ba a ga guba a ciki ba, ba wai an tabbatar yana warkarwa ba. Shi ya sa ake wajabta rubuta a jiki cewa NAFDAC ba ta tantance iƙirarin da aka yi ba. Wasu kuma lambar ma ta bogi ce. Mai wayar zamani zai iya duba sunan kaya a kundin hukumar na intanet da ake kira Greenbook, kuma tana da ofis a nan Kaduna inda za a iya kai ƙorafi.

Abin takaicin shi ne, ainihin kayan da ake sayar mana da hotonsu suna nan zube a gabanmu. Je ka kasuwar 'yan lemo ta tashar jirgin ƙasa ka ga tulin lemo, abarba, ayaba da kankana. Dubi fadamun bakin Kogin Kaduna da rani, alayyafo da latas da kabeji kore shar. Ga zogale a bayan gida, ga rama, yakuwa, kuɓewa, ugu, gauta da yalo, ga gwanda da gwaiba, ga mangwaro da ke ruɓewa a ƙasa idan lokacinsa ya yi. Kwanon fate da ya sha yakuwa da alayyafo, ko kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ya fi kwalbar nan kayan lambu nesa ba kusa ba, kuma kuɗin kwalba ɗaya zai wadata gida da ganye na makonni. A dai wanke sosai da ruwa mai tsabta, kada kuma a dafe ganye har ya mutu. Mai suga ya ci ɗan itacen da kansa daidai misali, ya bar matse shi yana sha. Mai ciwon ƙoda ya tambayi likita kafin ya yawaita ayaba da lemo.

Ga masu hawan jini da suga, da masu kula da su, roƙona guda ne: kada a daina magani, kada a rage shi, sai da izinin wanda ya rubuta shi. Idan maganin yana sa ka tari, ko jiri, ko kumburin ƙafa, ko raunin mazakuta, koma ka faɗa ba kunya, akwai wasu iri da za a canza maka. Idan tsada ce, faɗa wa likita ko mai harhaɗa magani, sau da yawa akwai mai rahusa da ke aiki ɗaya. Idan ka riga ka sayi kafson, ɗauki kwalbar ka tafi da ita asibiti a duba, musamman mai ciki, mai shayarwa, da mai shan maganin tsinka jini, domin wasu ganyayen suna karo da magani. A riƙa auna jini a kai a kai, ko a Asibitin Gwamna Awan, ko Saint Gerard, ko Babban Asibitin Sabon Tasha, ko ƙaramin asibitin unguwa, a kuma rubuta a ɗan littafi. Awo ne ke nuna sauƙi, ba jin jiki ba. Idan kuwa baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko harshe ya sarƙe, a nufi asibiti nan take, ba a tsaya shafa mai ko kiran mai talla ba.

Fastoci, limamai, shugabannin zumuntar mata da masu unguwanni, ku daina ba masu wannan talla lasifika a wuraren da jama'a suka amince da ku. 'Ya'ya kuma, kuɗin da kuke aika wa iyaye bai sauke muku nauyi ba. Ku leƙa ɗakin Baba da Mama yau, ku ga abin da suke haɗiya, ku ƙirga ƙwayoyin asibitin ku tabbatar suna raguwa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.