Wankan Jego da Zuciyar Mai Jego

Da wuya a sami gidan Bahaushe, birni ko ƙauye, da ba a san wankan jego ba. Da zarar mace ta sauka, sai a ɗora tukunya a kan murhu. Safe da yamma, har ta yi arba'in, mai jego za ta riƙa tsoma ganye cikin tafasasshen ruwa tana fyaɗa wa jikinta, ta sha kunun kanwa, ta ci ƙauri mai yaji. A da har kwanciya take yi a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi. Yau wata a asibiti ta haihu, a kan risho ko gas aka dafa ruwan, amma wankan yana nan.

Tushen al'adar shi ne fahimtar da magabata suka yi wa cuta. A wurinsu sanyi abu ne da ke shiga jiki ya yi ɓarna, haihuwa kuwa takan bar jikin mace a buɗe. Maganin sanyi sai zafi. Ba Hausawa kaɗai ke da wannan tunani ba, domin a ƙasar Tailan ma an daɗe ana kwantar da mai jego kusa da wuta, a Sin kuma takan yi wata guda tana gudun iska da ruwan sanyi.

Sai dai ba kome na al'adar ne tsoho ba. Darbejiya, wadda ganyenta ya zama abin wankan gidaje da yawa, baƙuwa ce daga yankin Indiya, kuma a wajajen 1928 aka fara dasa ta a Barno. Tsamiya ta riga ta a wannan aiki.

To, me ke faruwa a cikin jiki? Idan zafi ya bugi fata, jijiyoyin jinin da ke ƙarƙashinta sukan buɗe, dole zuciya ta ƙara aiki don ta cika su. Kanwa kuma gishiri ce mai yawan sinadarin sodiyam, wanda ke sa jiki ya riƙe ruwa, jinin da zuciya za ta tura ya ƙaru. Wato an haɗa wa zuciyar da ta yi wata tara tana ɗawainiyar mutum biyu kaya iri biyu a lokaci guda.

Wannan ne bayanin da likitoci Davidson da Parry suka bayar bayan sun duba mata 224 a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, a rahotonsu na 1978. Matan sun zo da kumburin ƙafa da haki da tari, alamun gazawar zuciya bayan haihuwa, kuma sun fi yawa a watannin zafi da damina.

Shekaru da dama an ɗauka an gano mai laifi. Amma kimiyya ba ta rufe shari'a. A 1992 masu bincike a Yamai suka ga ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin irin waɗannan mata, aka kuma sake ganin haka a Kano a 2015. Babban binciken da Farfesa Kamilu Karaye ya jagoranta a asibitocin Nijeriya, wanda ya fito a 2020, bai sami alaƙa mai ƙarfi tsakanin ciwon da wanka ko kunun kanwa ba. Abubuwan da suka fito fili su ne rama, da rashin karatu da sana'a, da hawan jini na masu ciki.

A ganina wannan bai wanke kanwa da tafasasshen ruwa sarai ba. Ruwan yakan ƙona fata, gishiri kuma ba abokin mai hawan jini ba ne. Alherin jego yana ga hutun kwana arba'in, da abinci mai gina jiki, da uwa ko kaka da ke tsaye a kan mai haihuwar fari. Ruwa mai ɗumi ya isa wanka. Haɗarin da ya fi girma shi ne a ga ƙafa ta kumbura, numfashi yana sama-sama idan an kwanta, a ce ai sanyi ne ya shige ta, a ƙara itace a murhu. Mai irin waɗannan alamu asibiti za a kai ta a ranar.