Kuɗin kwamfuta da muke biya, ina yake zuwa?

Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta daina jarrabawar takarda da fensir, ta koma kwamfuta zalla. Tambayoyi 180 ne a darussa huɗu, cikin awa biyu. WAEC ma ta bi sahu a 2024, inda ta fara da masu rubuta jarrabawa a ƙashin kansu. Kusan duk yaron da ke son shiga jami'a a Najeriya, sai ya zauna gaban wannan na'ura.

To amma leƙa ajin kwamfuta a makarantu da dama ka ga yadda ake yi. Malam ya zana linzami a allo da alli, yara su kwafa a littafi, su haddace sunayen sassan kwamfuta kamar karatun aku. Ita kuwa kwamfutar tana wani ɗaki da kwaɗo a ƙofa, an lulluɓe ta da leda, ƙura ta yi mata rawani. Ka tambaya, a ce babu wuta, ko babu man janareta, ko mai makulli ya fita. Duk da haka kowane zango sai an rubuta kuɗin kwamfuta a takardar kuɗin makaranta, iyaye kuma su biya ba tare da sun ce uffan ba. Ranar jarrabawa sai ka ga yarinya mai ƙoƙari, wadda ta san amsa sarai, hannunta na rawa, ta cinye minti goma tana neman yadda za ta wuce tambaya ta gaba. Alhali abin bai taka kara ya karya ba: A, B, C, D na zaɓen amsa ne, N na ci gaba, P na komawa baya, S na miƙa aiki. Wanda ya taɓa gwadawa ko sau uku ne ba zai ruɗe ba.

Kada kuma a ɗauka raba na'ura kawai shi ne magani. A 2007 an raba wa ɗaliban wata firamare da ke Galadima a Abuja ƙananan kwamfutoci, ƙarƙashin wani shiri na Amurkawa mai burin bai wa kowane yaro tasa. Ba a je ko'ina ba aka samu rahoton cewa wasu yaran na kallon hotunan batsa da su, sai daga baya aka nemi toshe irin waɗannan shafuka. Ƙasar Peru ta sayi dubban ɗaruruwan irin kwamfutocin, amma binciken da aka fitar a 2012 ya nuna makin yara a lissafi da harshe bai ƙaru ba. A ganina ba na'urar ce ta gaza ba. An damƙa ta ne ga malaman da ba a koya musu yadda za su sa ta cikin darasi ba.

Don haka in an zo taron iyaye da malamai, a daina jin nauyin tambaya. Kwamfuta nawa ke aiki, ba nawa aka saya ba? Sau nawa a mako yaro ke sa hannunsa a kai? Wane malami aka horar, kuma da wace wuta ake kunna su, sola ko janareta? In akwai intanet, wa ke lura da abin da yara ke buɗewa? Makarantar da ke aiki da gaskiya za ta buɗe ɗakin ta nuna maka.

Wanda makarantar ɗansa ba ta da ko ɗaya, ya kai shi shagon kwamfuta na unguwa ya yi atisaye da tsofaffin tambayoyi, ya kuma yi masa rajistar jarrabawar gwaji da JAMB ke shiryawa kafin ta gaske. Sai dai a zaɓi shagon da aka san mai shi, kuma a guji duk wanda ya ce zai buɗe wa yaro amsa ko ya ƙara masa maki in an ba shi kuɗi. 'Yan damfara ne, kuma in asiri ya tonu sakamakon yaron ake sokewa.