Likitan Da Ya Bi Saiwar Sankara

Kowane manomi ya san tofa. In ka sare ta a sama, gona ta yi kyau kwana kaɗan, sa'an nan ka ga ta sake fitowa, wani lokaci taki biyu ko uku daga inda ka sare. Dalili kuwa saiwarta ce ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa, inda ido ba ya gani. Wanda ke son raba gonarsa da tofa sai ya bi saiwar nan da fartanya, ya tono ta har ƙarshenta.

To, akwai wata cuta mai irin halin tofa. Sunanta sankara, waɗansu su kan ce ciwon daji. Ta kan kama sassa dabam dabam na jikin mutum, amma yau za mu yi maganar wadda ke kama fata ne, da kuma wata dabara da likitoci su ka samo ta fitar da ita.

Jikin mutum an gina shi ne da ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita. Kullum waɗansu na mutuwa, waɗansu na maye gurbinsu, kowace ta san iyakarta. Sankara ita ce sa'ad da waɗansu ƙwayoyin su ka lalace, su ka yi ta haihuwa ba tsayawa, su na cin naman da ke kewaye da su. Ba sammu ba ne, ba kuwa a ɗaukarta daga wani kamar yadda a ke ɗaukar ƙazuwa. A fata ta kan fara kamar ɗan ƙurji ko ɗan miki. Ya yi ɓawo kamar zai warke, ya fashe, ya yi jini, ya sake yin ɓawo. Wata ya wuce, wata biyu, shekara, miki na nan, sai ƙara faɗi ya ke yi. Sau da yawa ba ya ko zafi da fari, shi ya sa mutane ke raina shi.

Babban abin da ke kawo ta shi ne zafin rana a kan fatar da ba ta da duhu. Saboda haka Turawa ta fi damu. A Amurka babu irin sankarar da ta kai ta fata yawa, a Ostareliya kuwa abin ya fi haka tsanani. Mu baƙar fata Allah ya yi mana kariya, amma kada wani ya ce ba ruwanmu. Zabiya ba shi da wannan kariya, ga shi kuma yana zaune a ƙasar rana. Da yawa daga cikinsu ta kan kama su a fuska, ko kunne, ko wuya, tun su na samari. Har wa yau tsohon gyambo da ya ƙi warkewa, ko tabon ƙunar wuta, ya kan rikiɗe ya zama sankara bayan shekaru masu yawa. Akwai kuma wata mai baƙin launi da kan fito mana a tafin ƙafa.

Maganinta na fari shi ne likita ya yanke ta. Amma ga inda wuyar ta ke. Abin da ido ke gani a sama ba shi ne dukan cutar ba. Tana miƙa saiwoyi sirara a cikin nama, wani ya yi gabas, wani ya nutsa ƙasa, ba wanda ya san inda su ka nufa. In likita ya yanka kaɗan, ya bar saiwa, cutar ta dawo. In ya yanka da faɗi don ya tabbata, ya kwashe nama mai lafiya. A baya ko a cinya wannan ba kome, akwai fata isasshiya. Amma ku duba hanci, ko leɓe, ko fatar ido. A nan nama kamar faɗin ƙwayar masara ma abu ne babba. Shi ne bambancin mutumin da zai iya rufe idonsa ya yi barci da wanda ba zai iya ba.

Mutumin da ya samo hanya

Wanda ya warware wannan matsala wani likita ne na ƙasar Amurka, sunansa Frederic Mohs. Sunan nan Moz a ke faɗinsa. An haife shi a 1910 a jihar Wiskonsin, ya kuma yi karatun likita da yawancin aikinsa a jami'ar jihar, a garin Madison. Tun yana ɗalibi ya ke taya wani malaminsa gwaji a kan ɓeraye masu sankara. A nan ya lura da wani abu. Akwai wani gishiri mai cin nama da a ke yi da tutiya. In an sa shi a kan ƙarin sankara, ya kan kashe naman, amma ba ya ruɓar da shi. Naman ya sandare yadda ya ke, har in an duba da madubi a ga kowace ƙwaya a mazauninta, a rarrabe mai cuta da mai lafiya.

Sai ya yi tunani. Tun da haka ne, ai ana iya yanke cutar falle falle, kowane falle a duba shi tukuna, a san inda saiwa ta bi, kafin a sake sa wuƙa. Ya kwaɓa gishirin nan da waɗansu abubuwa, har da saiwar wani tsiro na ƙasarsu mai jan ruwa kamar jini. A 1936, yana da shekara 26, ya gwada a kan mutum na fari, wani mai sankara a leɓen ƙasa. A 1941 ya buga labarin mutum 440 da ya yi wa aiki ta wannan hanya.

Sauran likitoci ba su karɓe shi da hannu biyu ba. Da ma a lokacin akwai 'yan damfara masu yawo su na sayar da kwaɓin ƙona sankara, sai waɗansu su ka ɗauka shi ma irinsu ne. Aikin kuma yana da wahala. A shafa kwaɓin yau, a jira har gobe, a yanke falle guda, a duba, a sake shafawa. Mutum ya yi kwanaki yana zuwa, ga zafi mai tsanani, mikin kuwa ba ya ɗinkuwa sai an bar shi ya cika da kansa.

A 1953 ana ɗaukar hoton silima na aikinsa don koya wa likitoci. Mai cutar a fatar ido ta ke gare shi. Don kada a ɓata lokaci, Mohs ya bar kwaɓin, ya yi allurar kashe zafi, ya yanke fallayen ƙarshe ɗanye, ya duba nan take. Abin ya yi kyau. Daga nan ya riƙa yin haka a fatar ido. Daga baya waɗansu likitoci biyu na garin San Faransisko, Tromovitch da Stegman, su ka nuna a 1974 cewa hanyar nan ta ɗanyen nama tana aiki a sauran wurare ma. Ita ce a ke bi yanzu, an daina shafa kwaɓin. Mohs ya rasu a 2002, aikin kuwa har yau da sunansa a ke kiransa.

Yadda a ke yin aikin

Mai cutar ya zo da safe. Ba a sa shi barci, allura kawai a ke yi a wurin don ya mutu, ido biyu a ke yi masa aiki, yana iya magana da likita. Da fari likita ya kankare abin da ido ke gani. Sa'an nan ya yanke falle guda siriri a ƙarƙashin wurin da kewayensa, mai siffar ɗan faifai, faɗin abin da ya ƙara a gefe bai fi ƙwayar gero ba. Ya tsai da jini, ya rufe mikin da bandeji, ya ce wa mutumin ya je ya zauna ya jira.

Ku lura da abin da ke biye, gama nan ne gwanintar ta ke. Kafin likita ya ɗaga fallen nan, ya kan yi 'yan tsage a gefensa da kuma a jikin mutumin, daidai da juna, don kada a rikita sama da ƙasa. Ya zana taswirar mikin a takarda. Ya raba fallen gida biyu ko huɗu, kowane ya ba shi lamba. Ya shafa wa gefunan launi, wannan ja, wancan shuɗi, ya rubuta haka a taswira. Kun ga ke nan kowane gutsure an san daga inda ya fito, kamar yadda mai unguwa ya san iyakar gonar kowa.

Sai ma'aikacin ɗakin awo ya karɓa. Ya danne gutsuren ya baje, yadda gindinsa da gefensa duka za su kwanta a shimfiɗe ɗaya, kamar ka ɓare lemo ka baje ɓawon a kan tabarma. Ya sa shi cikin wata na'ura mai sanyi ya daskare, ya feƙe shi siriri ƙwarai, sirin da ya fi na gashin kai kamar sau goma. Ya ɗora a kan ɗan gilashi, ya rina, ya kai wa likita. Likitan da ya yi yankan shi ne da kansa zai zauna ya duba da madubi. Wannan duka ya kan ci kamar awa guda.

In bai ga kome ba, shi ke nan, an gama. In kuwa ya ga ƙwayoyin cuta a gutsure na uku, wajen gefen da a ka shafa wa ja, sai ya ɗiga alama a taswira. Ya kira mutumin, ya buɗe bandeji, ya yanke wani falle a wannan kusurwa kaɗai, sauran wurin ba ya taɓa shi. A sake kai wa ɗakin awo, a sake jira. Haka za a yi ta yi har a sami falle mai tsabta. Yawanci sau ɗaya zuwa uku ya isa, ko da ya ke akwai mai taurin kai da kan kai mutum har la'asar. Sa'an nan a rufe mikin. Wani a ɗinke, wani a jawo fatar kusa a rufe, wani a ɗebo fata daga bayan kunne ko wani wuri a dasa, ƙarami kuwa a bar shi ya cika da kansa. Mutum ya koma gida ran nan.

Wani zai ce, ashe a sauran aikin fiɗa ba a duba naman da a ka yanke? Ana dubawa. Amma a can yanka shi a ke yi kamar yadda a ke yanka rogo, a ɗauki 'yan yanka kaɗan a duba. Saiwa na iya ratsawa ta tsakanin yanka biyu ba a gan ta ba. A hanyar Mohs kuwa dukan gindi da dukan gefe a ke gani. Don haka a irin sankarar fata mai tafiyar hawainiya, wadda ba a taɓa yi wa aiki ba, kamar mutum 99 cikin 100 su kan rabu da ita. A wadda ta fi ta saurin ci, kamar 97.

Akwai abin da ni ke so in ja kunnenku a kai. Kada wani ya ji labarin kwaɓin nan ya ce ai abin da boka ke yi ke nan, ko wanzami mai lalas. Kwaɓin bai taɓa sanin inda saiwa ta ke ba, madubi ne da taswira su ka sani, shi ya sa da a ka jefar da kwaɓin aikin ya ƙara kyau. Maganin ƙuna da a ke shafawa a gida ya kan cinye saman mikin, fata ta rufe, mai shi ya yi murna, cutar kuwa tana can tana tafiya a ƙarƙashin tabon. Ran da ta sake ɓullowa ta riga ta yi nisa. In har ta kai ga kaluluwa ta wuya ko ta hammata, aikin falle falle ba ya isa kuma. Sai babbar fiɗa, da gashi da wani haske mai ƙarfi, da magunguna.

Aikin Mohs yana bukatar likita mai horo na musamman, da ɗakin awo a kusa da ɗakin fiɗa, da wutar lantarki da ba ta yankewa. Saboda haka a Amurka da Turai da Ostareliya ya fi yawa, yana kuma da tsada. A asibitocinmu abin da a ka saba shi ne likita ya yanke cutar tare da ɗan nama mai lafiya kewaye da ita, ya aika ɗakin awo. Wannan ma yana warkarwa sosai in miki ƙarami ne. Mikin da bai fi ƙwayar wake ba, ɗinki kaɗan ya ishe shi. Wanda ya kai tafin hannu kuwa ya kan tafi da kunne ko hanci.

Saboda haka mikin da ya yi wata guda bai warke ba, ko gyambon da bakinsa ya kumbura ya fara tsiro da wari, ko baƙin tabo a tafin ƙafa mai ƙara faɗi, a kai shi asibiti. Mai ɗa zabiya ya saya masa malafa mai faɗi da riga mai dogon hannu, kada ya tura shi kiwo ko noma da tsakar rana, ya riƙa duba masa kunne da leɓe da ƙeya. In ana samun man kare rana a asibiti ko kantin magani, a shafa masa kullum.

In an yi wa mutum aiki, likita zai ba shi takarda ya ce ya dawo ran kaza don jin sakamakon awo. Ya ajiye takardar nan da kyau, ya koma a ranar, ko da miki ya warke sumul. Sakamakon ne zai faɗi ko gefen naman da a ka yanke yana da tsabta. In ya nuna an bar saiwa, likita zai sake yanka wurin tun tana ƙarama.