Gargaɗi Ga Manoman Birnin Kudu Da Gwaram Game Da Feshin Ƙwari

Duk wanda ya zauna da manoman ƙasar Birnin Kudu ko Gwaram a lokacin da wake ke fure, ko kuwa ya ratsa rumfunan masu maganin feshi a kasuwar Sara, ba zai rasa jin wani kuka ba wanda ya zama wuridi a bakin jama'a, wato wai maganin zamanin nan duk jabu ne, ba ya ci kamar na da. Ba mu musun akwai jabu, akwai kuma marasa tsoron Allah masu sirka magani su ɗura a kwalba. Amma wanda ya jibga wa ɗan kasuwa laifin duka, ya wanke kansa tas, bai yi wa gaskiya adalci ba, domin sau da yawa maganin na nan da ƙarfinsa, ƙwaron ne ya sāke hali, kuma da hannunmu muka sāke shi.

A dubi yadda galibinmu ke yi. Mutum zai sayi kwalba ranar kasuwa, bai karanta rubutun jikinta ba, bai ba wani ya karanta masa ba, abin da ya riƙe kurum shi ne launinta da hoton tsutsar da aka zana. Ya isa gona ya cika famfon goyo, ya auna da murfin kwalba ko gwangwanin tumatir, yau biyu gobe huɗu gwargwadon nauyin aljihunsa, ya motsa da kara har ruwan ya yi fari, sa'an nan ya bi kunya yana watsawa da tsakar rana, alhali tsutsar da yake nema tana kwance can cikin fure, ko ta riga ta huda kwanso ta shige. Bayan mako guda, da ya ga fure na zuba, sai ya koma rumfa ya ce a ba shi wanda ya fi wancan zafi, a miƙo masa wata kwalba mai sabon suna, ya tafi yana murna ya canja magani. Ina canjin yake? Na fari saifametirin ne, na biyu lamda, kuma su biyun 'yan gida ɗaya ne, ta kafa ɗaya suke kashe ƙwaro, wanda ya tsallake wannan galibi ya tsallake wancan. In abin ya ishe shi kuma sai ya gauraya uku a famfo guda, yana zaton dabara ya yi. Wannan ba dabara ba ce, almubazzaranci ne da ganganci.

Ga yadda masana suka bayyana sirrin al'amarin. Allah, cikin hikimarsa, ya halicci ƙwaro da ƙwayoyin gado waɗanda ke umartar jikinsa ya ƙera wasu sinadarai masu narkar da guba, mafi shahararsu ana ce musu P450, domin tun fil azal ƙwaro na cin ganyaye masu ɗaci da dafi. To, kowace ƙwayar gado tana da abin da ke sarrafa ta, yana buɗe ta ko ya rage ta, kamar yadda mai lambu ke buɗe bakin fangali da fartanya ruwa ya shiga, in ya isa ya toshe. A jikin yawancin ƙwari kafar nan ƙarama ce, guba kan rinjaye su su mutu. Amma cikin dubbai ba a rasa 'yan ƙalilan da aka haifa kafarsu a wangale, jikinsu na ƙera maganin gubar ninkin-ba-ninkin, yana narkar da ita tun ba ta kai ga jijiya ba. Idan manomi ya yi feshi, raunana suka mutu, waɗannan ne za su saura, su hayayyafa, su gadar wa 'ya'yansu halin. In kuwa aka maimaita musu gida ɗaya na magani shekara da shekaru, sai gona ta wayi gari babu kowa cikinta sai zuriyarsu. Awon da bai kai ƙa'ida ba shi ya fi kowane muni, don yana barin har masu matsakaicin ƙarfi su tsira.

Wannan ba shaci-faɗi ba ne. Tun 1914 aka fara rubuta labarin ƙwaron da ya daina jin magani a gonakin itatuwa na Amurka, yau kuwa ire-iren ƙwarin da aka tabbatar da haka a kansu sun haura 500. A 2002 aka gano cewa wani ɗan ƙudan 'ya'yan itace ya gagari DDT ne saboda wani gutsuren gado da ya maƙale a gaban ƙwayarsa guda ya bar ta a buɗe. Haka kuma farin ƙudan nan da ke lafewa a bayan ganyen tumatir, an samu cewa yawan aikin ƙwaya guda a jikinsa shi ke sa ya narkar da imidakulofirid, har ma da wani maganin da ba danginsa ba. Mai gauraya uku a famfo sai ya yi tadabburi a nan, don yana iya zaɓo wa kansa ƙwaron da zai gagari ukun gaba ɗaya.

Mu kuwa mun riga mun ɗanɗana. Ba a manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar tumatir da manoma suka laƙaba wa suna Sharon ta cinye lambuna a Kano da Jigawa da Katsina da Kaduna, har kamfanin tumatir na Kadawa ya tsaya don rashin kaya. Asalinta daga Amurka ta Kudu ne, inda aka daɗe ana yi mata ruwan magani har ta saba, kuma tana iya haihuwa zuriya goma ko fiye a shekara guda. Mutane suka yi ta zuba mata abin da suka saba zubawa, kuɗi suka ƙare, ita tana nan. A 2016 ɗin dai tsutsar masara ta ɓullo a Nijeriya, ita ma daga nahiyar Amurka.

Saboda haka abin da ya wajaba, kafin komai, shi ne a daina sayen magani da sunan kwalba. A nemi sunan sinadarin da ke ciki, wanda akan rubuta da ƙananan baƙaƙe, da lambar rukuninsa in an sa: saifametirin da lamda rukuni na 3 ne, dayimetowet na 1, imidakulofirid na 4, emamektin na 6. In an yi wata guda da rukuni ɗaya, to, a koma wani, ba wata kwalba ba. Wanda bai iya boko ba, ai ba a rasa ɗan makaranta a gida, ga kuma malaman gona na JARDA. Kada a karɓi abin da aka ɗura a robar ruwa ba takarda ba lambar NAFDAC, don ba mai sanin rukuninsa. A auna daidai yadda aka rubuta, a yi feshi da sanyin safiya ko yamma, kuma a duba gona tukuna a ga ƙwaron da ido. Mai wake ya tambayi irin SAMPEA 20-T da cibiyar Samaru ta Zariya ta fitar a 2019, wanda ke kare kansa daga tsutsar kwanso, feshi biyu kan wadatar da shi.

Daga ƙarshe muna roƙon dagatai da masu unguwanni da limamai su faɗakar da jama'a, domin ƙwaro bai san iyakar gona ba, wanda mutum ɗaya ya ƙarfafa da sakacinsa gobe yana gonar maƙwabcinsa, kuma cutar da maƙwabci abu ne da shari'a ta hana. Magungunan da suka rage suna ci ba su da yawa, sababbi kuwa tsada gare su; mu kiyaye waɗanda ke hannu. Allah ya sa mu gane, ya ba mu damina mai albarka.