Goyon Ƙirji: Yadda Ake Raya Bakwaini a Treichville

Jaririn da aka haifa bai kai kilo ɗaya da rabi ba, sanyi ne babban abokin gabarsa, domin ba shi da kitsen da zai riƙe masa ɗumi. Kwalaben asibiti kuwa ba sa isar kowa. Shi ya sa a shekarar 2019 babban asibitin CHU na Treichville, da taimakon UNICEF, ya buɗe sashen goyon ƙirji, wanda ake kira "kangaru". Likitocin Bogota ta ƙasar Kolombiya ne suka faro dabarar a 1978.

Ana ɗaura jariri a ƙirjin uwa, fata da fata, da 'yar hularsa, awa 8 zuwa 24 a rana. In ta gaji, uba ko kaka su karɓa. Abincinsa nonon uwa ne. In bai iya tsotso ba, a tatsa a ba shi a ɗan kofi ko ta siririyar roba. Dakashi ba ƙazanta ba ne, rigakafi ne. Ban da ruwa, rubutu ko zuma.

'Yan uwa mazauna Adjamé, in an sallamo bakwaini, a rage masa hannun 'yan barka. In jikinsa ya yi sanyi ko ya ƙi nono, a garzaya asibiti ko da tsakar dare ne.

Allah Ya raya mana.