Shinkafa, Albasa da Alkawarin Gwamnati

Duk wanda ya zauna a taron ƙungiyar gama kai a Jega ko Maiyama cikin 'yan shekarun nan ya san gardamar da ba ta ƙarewa. Da an gama addu'ar buɗe taro, ma'aji ya karanta lissafi, sai wani ya ta da maganar shinkafa, ɗaki kuwa ya rabu biyu. Waɗansu su ce gwamnati ta yashe manomi. Waɗansu su ce dā ma riƙon da ta yi masa ba na ƙwarai ba ne. Gardamar nan ita ce manya suke yi a Abuja, amma mu ne take taɓa wa tukunya, saboda haka ya kamata mu san asalinta.

Ran 17 ga watan Nuwamba 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Birnin Kebbi ya buɗe shirin rancen noma na Babban Bankin Nijeriya, wanda ake kira Anchor Borrowers. Tsarinsa shi ne a ba ƙaramin manomi iri, da taki, da magani, da injin ban ruwa bashi, da ruwan kashi 9 cikin 100, in ya girbe ya biya da shanshera, masu injin casa kuma su saya. Fadamun Gulbin Zamfara suka cika da shinkafar rani. A ƙarshen 2016 Kebbi da Legas suka fito da shinkafar Lake Rice, a 2017 aka buɗe babban injin casa na WACOT a Argungu. Sa'an nan a watan Agusta 2019 aka rufe iyakokin ƙasa don hana shigo da shinkafar waje. Ba a fara buɗe su ba sai Disamba 2020, ta Kamba ma sai Afrilu 2022.

Masu goyon bayan wannan hanya suna da hujja, mun kuwa gan ta da idonmu. Samari da yawa da suka saba tafiya cin rani kudu sun zauna gida. An rufa ɗakuna da kwano, an sayi babura, an biya kuɗin makaranta a kan kari, har baiko a Ekklesiya ya ƙaru. A ganinsu ƙasar da take da fadama irin tamu bai kamata ta ci shinkafar Tailan da Indiya ba, kuma ba manomin da zai iya gasa da ita sai gwamnati ta kāre shi.

Ɗaya ɓangaren ma ba su rasa abin faɗi ba. Sun ce rufe iyaka ya tsananta tsadar abinci ga malamin makaranta da lebura da gwauruwa mai marayu, ribar kuwa 'yan fasa-ƙwauri da manyan 'yan kasuwa suka fi kwasa. Sun ce an rubuta sunayen mutanen da ba su taɓa riƙe fartanya ba, waɗansu kuma suka ɗauki rancen kamar rabonsu na siyasa. Kuɗin da aka fitar a ƙasa duka ya wuce naira tiriliyan 1. A 2023 Asusun Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 cikin 100 kaɗai aka biya, Babban Banki ya musa ya ce kashi 52 ne. Ko wanne aka ɗauka, abin kunya ne. Amma fa a tuna, ambaliyar 2020 ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a jihar nan, kuma wanda ruwa ya cinye gonarsa dabam yake da wanda ya ƙi biya da gangan. Ɗan'uwa mai bi da yake da halin biya ya ƙi, wannan kam ba shi da uzuri.

Daga 2023 iska ta juya. Ran 29 ga Mayu Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Mutumin birni kuɗin mota ya ji. Manomin rani kuwa, shinkafarsa tana shan ruwan inji wata uku zuwa huɗu, kowane ban ruwa da fetur. Sababbin shugabannin Babban Banki suka ce ba aikinsu ba ne raba rancen noma, shirin ya tsaya. Da yunwa ta yi tsanani, a watan Yuli 2024 Gwamnatin Tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara, alkama, wake da shinkafa na kwana 150. A 2025 farashin hatsi ya sauko, mai saye ya yi hamdala, amma taki bai sauko tare da shi ba, manoma da yawa suka sayar da shanshera ba su mai da abin da suka kashe ba. Abin lura, Atiku Bagudu wanda yake Gwamnan Kebbi lokacin da aka buɗe shirin rance, a 2023 aka naɗa shi Ministan Kasafi cikin gwamnatin da ta sake hanya. Ban faɗi haka don zargi ba. Kowace gwamnati tana tsakanin wuta biyu ne, watau mai ci da yake son araha da mai noma da yake son farashi, masu ci kuwa sun fi kusa da fada. Tsofaffinmu sun ga Operation Feed the Nation a 1976, sun ga Green Revolution na Shagari a 1980, kowanne ya tafi tare da mai shi.

To, mu dubi Aliero. Ba a yi wa albasa irin hidimar da aka yi wa shinkafa ba, ba a tara ta dala a Abuja an ɗauki hoto ba kamar yadda aka yi da buhunan shinkafa a Janairu 2022. Duk da haka manyan motoci ba su daina lodinta zuwa kudu da ƙasashen maƙwabta ba. Mai albasa yana da nasa ciwon: lokacin girbi kasuwa ta cika farashi ya faɗi, in ya adana a rudu zafi da laima su ruɓar da kashi mai yawa, in rikici ya tashi a hanya, kamar na kasuwar Shasha a Ibadan a 2021, kayansa su salwanta. Amma lissafinsa da kasuwa yake yi, ya san watan tsada, ya san watan araha, ba ya jiran sanarwar rediyo kafin ya yi reno. A ganina wannan shi ne abin da mai shinkafa ya bari ya kuɓuce masa cikin shekarun rance.

Ba mu kaɗai ne gwamnati take yi wa haka ba. A ƙasar Ayilan, inda fadoji da sistoci da yawa da suka yi aiki a Nijeriya suka fito, an ƙayyade madarar da manomi zai sayar a 1984, aka janye dokar a 2015, mutane suka ci bashi suka ƙara shanu, ba a daɗe ba aka ce shanun sun yi yawa suna ɓata ruwan rafuka. Abin da ya riƙe su shi ne, tun 1889 suka fara kafa ƙungiyoyin gama kai, har yau kuma yawancin madararsu ƙungiyoyin manoma ne suke tarawa su sayar.

Mu ma muna da abin da yake hannunmu. Ƙungiya mai mutum 30 tana iya sayen taki a dunƙule tun kafin tsada, ta haɗa kuɗi ta sayi injin ban ruwa mai aiki da hasken rana a riƙa karɓa-karɓa, ta kama ɗaki guda ta ajiye shanshera har watan da 'yan kasuwa za su zo nema da kansu. Matanmu masu turara shinkafa suna casawa sun riga sun san inda ribar take, a ba su wuri a kwamiti. In gwamnati ta kawo taimako a karɓa, in za a kai kuka a tafi tare da maƙwabtanmu Musulmi, gama fadama ɗaya muke noma. Kafin a shiga aikin rani, kowane sakatare ya sa 'yan ƙungiyarsa su rubuta abin da suka kashe bara a kan kadada ɗaya, da fetur da taki da ƙwadago, da buhu nawa suka samu, da nawa suka sayar. A zo da littafin taro na gaba, a duba shi kafin a yanke ko shinkafa za a zuba a fadamar duka ko a bar wa albasa da barkono rabi.